Kuromiyam a Cikin Ƙasa: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A kewayen masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa a Kano, ana yawan cewa duk ƙasar da ruwan jima ya ratsa ta zama guba mai sa ciwon daji. Maganar tana da tushe, amma an cakuɗa ta.

Kuromiyam iri biyu aka fi samu a ƙasa. Da mai lamba 3 masana'antu ke jeme fata, saɓanin majemar gargajiya da ke amfani da bagaruwa, kuma ba ya saurin narkewa a ruwa. Mai lamba 6 ne mugun. Yana bin ruwa har cikin rijiya, shaƙar ƙurarsa kuma na jawo sankarar huhu. Shi ne ya gurɓata ruwan garin Hinkley a Amurka, har kamfanin PG&E ya biya diyyar dala miliyan 333 a 1996. Sai dai gaskiya ne mai 3 yakan rikiɗe ya koma 6, idan aka ƙona tarkacen fata, ko ya haɗu da wasu ma'adinan manganis a ƙasa.

Masu cewa ido yana gane mai 6 sun yi kuskure. Idan ya yi yawa yakan sa ruwa ya yi rawaya, amma ruwa garau ma na iya ɗauke da shi.

Haka na'urar hannu ta XRF da ake haska ƙasa da ita. Jimillar kuromiyam take ƙirgawa, ba ta bambance 3 da 6. Tayar wa manomi hankali da sakamakonta kaɗai rashin adalci ne.

Gwajin fili na ainihi da sinadarin difenilkabazid ake yinsa. A jiƙa ƙasa, a tace ruwan, a zuba sinadarin tare da asid. Idan ya juya ja mai shunayya, akwai mai 6. To amma rashin launi ba tabbacin lafiya ba ne, domin wani kason yana maƙale a ƙasa, ruwa kaɗai ba ya fito da shi, kuma ƙarfe mai yawa yana rikita sakamako. Shi ya sa sai an kai samfur ɗakin gwaji an tabbatar.

Tafasa ruwa kuwa ba ya cire kuromiyam. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ruwan sha ita ce miligiram 0.05 na jimillar kuromiyam a kowace lita.