Takalmin ban-ruwa a gonakin Jazira

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, Hausawan Mai Wurno da ƙauyukan bakin Shuɗin Nilu suke cikin masu aikin auduga da ban-ruwa a Jazira ta ƙasar Sudan. Wanda ya taɓa buɗe ruwa daga magudanar Abu Ishirin zuwa ta Abu Sitta ya san ƙafa ce ke shan wahala.

Dalilin farko na sa dogon takalmin roba shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zaune a magudanai, ta huda fatar mutum ko babu rauni. Saboda haka tsawon takalmin ya kusa gwiwa, kuma a duba tsaga kafin a biya kuɗi: a lanƙwasa shi a wajen idon sawu, nan yake fara fashewa.

Sai maganar laka. Ƙasar Jazira baƙa ce, in ta jiƙe kamar danƙo take. Takalmin da ya yi wa mutum yawa, taku biyu zai yi laka ta riƙe shi, ƙafa ta fito tsirara. A gwada shi da safa, a ɗaga dunduniya. In tana wasa a ciki, a nemi ƙarami. Yatsu dai su sami wurin motsi.

Takalmin markub kuwa, na fata ne, a bar shi don kasuwa da Juma'a. Da asuba a zazzage takalmin robar kafin a zura ƙafa, don kunama na son kwana a ciki.