Kwalekwalen Fayiba a Fadamun Sakwa: Zaɓensa, Lodinsa da Kula da Shi

Kogin Jama'are, wanda yake ratsa ƙasar Katagum kafin ya haɗu da Kogin Haɗeja, ba shi da babbar madatsa irin ta Tiga ko ta Challawa da za ta riƙe ruwansa. Saboda haka yakan cika da sauri a watannin Agusta da Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye da rani. Idan kana noman shinkafa a yankin Sakwa, ka san akwai makonnin da ba ka isa gonarka sai a kwalekwale. Itatuwan maɗaci da kawo da ake sassaƙa jirgi da su sun yi ƙaranci, shi ya sa ƙungiyoyin manoma da masunta suka fara karkata ga na fayiba, wato wanda aka ƙera da zaren gilashi da danƙon rezin.

Siffar da ta dace da ruwanmu

Yawancin jiragen fayiba an zana su ne domin bakin teku. Gindinsu mai tsini ne don su keta igiyar ruwa, wasu kuma suna da dogon ƙarfe a ƙasa wanda yake hana iska kifar da su idan an ɗaura musu ƙyallen tafiya. Wannan siffa ba ta da amfani a fadama, inda ruwa yakan gaza kai wa gwiwa, ga yashi, ga kachalla ta toshe hanya. Kai abin da za ka nema shi ne mai shimfiɗaɗɗen gindi, mai faɗi, wanda goshinsa ya ɗan ɗaga sama. Siririn jirgi ya fi gudu, amma mai faɗi ya fi zama daram, kuma manomi buhu yake ɗauka, ba tsere yake yi ba.

Ka sani fayiba ya fi katako rashin nauyi. Wannan alheri ne wajen tuƙi da gora ko filafili, da wajen jan sa a tudu, amma idan babu kaya a ciki iskar hadari tana juya shi yadda ta ga dama.

Yawan kayan da zai ɗauka

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma jirgi yana nutsewa ne gwargwadon ruwan da nauyinsa ya ture. A ɗauki misalin kwalekwale mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1. Idan aka cire abin da tsukewar goshi da baya suka rage, kowane kilo 45 da ka ɗora zai saukar da shi kimanin santimita 1. Ke nan buhu mai kilo 100 zai ci fiye da santimita 2, buhu biyar da mutum uku kuwa za su ci wajen santimita 15. Idan bangon jirgin gajere ne, abin da ya rage tsakanin ruwa da baki bai wuce tafin hannu ba, kuma ƙaramar igiya ta isa ta shigo.

Malamin gona ya taimaka wa ƙungiya a ja layi da jan fenti a jikin jirgin, aƙalla santimita 20 ƙasa da bakinsa. Da zarar ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare, ko da mai kayan surukin matuƙi ne. A jera buhuna a ƙasa, a tsakiya, kada a yi musu tsibi. Fasinjoji su zauna. Dabbobi kuma a ɗaure su, domin akuya ɗaya da ta zabura takan sa mutane su ruga gefe guda.

Bambancin da ya shafi rai

Kwalekwalen katako idan ya cika da ruwa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi har agaji ya zo. Na fayiba ba haka yake ba. Fayiba ya fi ruwa nauyi da kusan rabi, don haka idan ya cika yakan tafi ƙasa kai tsaye. Jirgi mai kyau yana zuwa da rufaffun akwatunan iska ko kumfa marar shan ruwa a goshi da baya da ƙarƙashin kujeru. Kafin ka biya kuɗi, ka nemi a cika shi da ruwa a wuri marar zurfi ka gani da idonka. Mai sayarwar da ya ƙi wannan gwaji, a ganina, bai cancanci ciniki ba.

Idan naka ba shi da su, akwai dabara mai araha. Jirgi mai kilo 90 nauyinsa a cikin ruwa kimanin kilo 30 ne, jarka mai lita 25 da aka toshe da kyau kuwa tana ɗaga kusan kilo 25. Ka ɗaure jarkoki huɗu tamau a ƙarƙashin kujeru, biyu gaba biyu baya. Idan akwai inji, ka ƙara. Kada ka yi amfani da soson katifa, shan ruwa yake yi. Wannan duka ba ya maye gurbin rigar ceto, kuma Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare. Ruwan da ya taru a ciki a riƙa kwarfe shi nan da nan, domin yana gangarawa ne gefen da jirgi ya karkata ya ƙara masa karkata.

Kulawa da gyara

Gara da ruɓa ba sa cin fayiba, amma rana da yashi suna ci. Idan ruwa ya janye, ka wanke jirgin ka kife shi a inuwa kan itace biyu. Kada a riƙa jan sa a kan tsakuwa. A ɗaga shi.

Idan ya tsage, ka bari wurin ya bushe sarai, ka goge shi da samfefa har faɗin yatsa huɗu kewaye da tsagar. Ka haɗa rezin da maganin da ke daskarar da shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, ka shafa, ka ɗora ƙyallen zaren gilashi ninki biyu ko uku, kana danna kowane ninki har kumfar iska ta fita. Yi aikin da sassafe, kuma ka dama kaɗan-kaɗan, domin a zafin Afrilu haɗin yakan daskare cikin 'yan mintoci. Maganin daskarewar yana iya makantar da mutum, saboda haka ka kare idonka da hannunka, ka ajiye shi nesa da wuta da yara. Rezin yana lalacewa bayan 'yan watanni, don haka ƙungiya ta saye shi gab da lokacin gyara, a watan Mayu ko Yuni, kafin ruwa ya sauko.