Waƙa, Rawa da Gidauniya a Ƙungiyoyin Ƙwararrun Kudancin Asiya a Amurka da Ingila

Mutanen Kudancin Asiya, wato 'yan asalin Indiya da Pakistan da Bangladesh da Siri Lanka da Nepal, sun fara yawaita a Amurka ne bayan shekarar 1965, lokacin da ƙasar ta sauya dokar shige da fice, ta soke tsarin da ke fifita baƙi daga Turai, ta kuma buɗe ƙofa ga masu ilimin sana'a, musamman likitoci da injiniyoyi. A Ingila kuwa an riga an saba da su, domin hukumar lafiya ta ƙasa da aka kafa a 1948 ta daɗe tana dogaro da likitocin Indiya da Pakistan, sannan a 1972 wani ayarin ya biyo baya sa'ad da Idi Amin ya kori 'yan Asiya daga Yuganda, da yawansu suka sauka a birnin Leicester. Waɗannan baƙi sun zo da takardun shaidar ilimi, amma sun baro dangi da unguwa da wuraren ibada, waɗanda a gida su ne ke ɗauke da nauyin buki da taimakon juna, saboda haka sai ƙungiyar sana'a ta gaji wannan nauyi.

An kafa yawancin ƙungiyoyin ne don kare muradin sana'a. A Amurka, likitoci 'yan asalin Pakistan sun kafa APPNA a shekarun 1970, takwarorinsu na Indiya suka kafa AAPI a 1982, masu otal-otal, waɗanda akasarinsu 'yan Gujarat ne, suka kafa AAHOA a 1989, sannan masu kamfanonin fasaha suka kafa TiE a Kalifoniya a 1992. A Ingila ma likitoci sun kafa BAPIO a 1996. Damuwarsu ta farko ita ce wariyar da suke fuskanta wajen samun lasisi da ƙarin girma da bashin banki da inshora, amma ba a jima ba babban taron shekara, wanda aka shirya don lacca da zaɓen shugabanni, ya zama dandalin waƙa da rawa da tara gudunmawa, har ta kai ga iyalai da dama liyafar dare ce ke kawo su, ba laccar rana ba.

Liyafar tana da tsari sananne. Akan kama babban zauren otal, mata su zo da sari, wato dogon ƙyalle da ake naɗawa a jiki, ko da shalwar kamis, riga da wando masu faɗi, maza kuma su sa kwat ko sherwani, doguwar riga mai maɓallai har gwiwa. Idan taron na Hindu ne akan buɗe shi da kunna fitilar mai, idan na Musulmi ne da karatun Alƙur'ani, kuma sau da yawa akan rera taken ƙasashe biyu, na ƙasar asali da na ƙasar zama. Bayan an ci abinci, an kalli wasa, sai a nuna ɗan gajeren fim na makaranta ko asibitin da ake nema wa taimako, mai gabatarwa ya hau dandamali ya fara kira daga adadi mafi tsoka yana saukowa, masu hali suna ɗaga hannu ana ambaton sunayensu ana tafi. Masu shirya taron sun san cewa zuciya takan yi laushi bayan kiɗa, kuma babban likita ba zai so a ga hannunsa a ƙasa alhali abokin karatunsa ya ɗaga nasa ba, shi ya sa ba a kiran gudunmawa sai waƙa ta ratsa jama'a. Dokar haraji ma tana da nata hannun, domin a Amurka ana cire kyautar da aka bai wa ƙungiyar agaji mai rajista daga kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji, kuma manyan kamfanoni da yawa sukan ƙara kwatankwacin abin da ma'aikacinsu ya bayar.

Tushen wannan kyauta yana cikin addinan yankin. Hindu da Sikh suna da abin da suke kira seva, wato hidimar da ake yi wa jama'a da jiki ba don lada na duniya ba, kuma mabiya Sikh suna fitar da ushirin abin da suka samu, suna kuma riƙe da langar, ɗakin girki na wurin ibada inda kowa, ko wane ne shi, zai zauna a ƙasa ya ci kyauta. Daga wannan al'ada ƙungiyar agaji ta Khalsa Aid ta fito a Ingila a 1999. Musulmi kuwa suna da zakka da sadaka, abin da ya sa watan Azumi ya zama kakar tara kuɗi, ana shirya buɗa-baki a zauren otal, a yi sallar Magariba a gefe guda, sannan a shiga kiran gudunmawa.

A cikin fasahohin da ƙungiyoyin ke rayawa, babu wadda ta kai mushaira armashi a wurin masu jin Urdu. Mushaira zama ne na mawaƙan baka da rubutu, inda kowane sha'iri ke karanta baitocinsa a gaban jama'a, galibi a salon gazal, waƙar bege mai baituka 'yar tagwai waɗanda kowanne ke iya tsayawa da ƙafarsa. Ƙa'ida ita ce ƙananan sha'irai su fara, babban baƙo ya rufe, don haka wanda ya zo don jin gwani dole ya haƙura har tsakar dare. Masu sauraro ba sa yin shiru: sha'iri yakan faɗi ɗangon farko ya maimaita shi, jama'a su karɓa, su yi ta hasashen yadda zai sauke na biyu, idan ya sauke da kyau sai zaure ya kaure da "wah wah", wasu su nemi a sake. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Musulmi ta Aligarh, waɗanda ke da rassa a biranen Amurka da dama, sun shahara da shirya irin wannan zama don tunawa da Sir Sayyid Ahmad Khan, wanda ya assasa makarantar, kuma abin da aka tara yakan tafi ga tallafin karatun ɗalibai a Indiya. Kusa da mushaira akwai ƙawali, waƙar begen Allah da Manzonsa da waliyyai ta Sufaye, wadda ake yi da ƙaramin abin kiɗa mai maɓallai da ake zuga wa iska da gangunan tabla da tafi, kuma wanda baiti ya taɓa yakan tashi ya ajiye kuɗi a gaban mawaƙa, kamar yadda ake liƙi a ƙasar Hausa. Nusrat Fateh Ali Khan, wanda ya rasu a 1997, ya yi wasanni a ƙasashen waje don tara kuɗin asibitin masu ciwon daji na Shaukat Khanum da Imran Khan ya buɗe a Lahore a 1994.

Rawa kuwa ta fi zama rabon yara da matasa. Iyaye 'yan kudancin Indiya sukan sa 'ya'yansu mata koyon Bharatanatyam, rawar Tamil Nadu wadda ake ba da labari da motsin yatsu da idanu, kuma bayan shekaru ana horo sai a yi arangetram, wato fitowar farko ta ɗaliba ita kaɗai a gaban jama'a, bukin da wasu iyalai ke kashe masa dukiya mai yawa, har da ɗauko makaɗa daga Indiya. 'Yan Gujarat suna da garba, rawar da'ira ta darare tara na bukin Navratri, wadda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2023, 'yan Punjab kuma suna da bangara, rawar kaka mai tsalle da babbar ganga. Ta ɓangaren kiɗa kuwa, a birnin Cleveland na Amurka ana gudanar da bukin kiɗan gargajiya na kudancin Indiya tun 1978.

Mafi yawan abin da ake tarawa gida yake komawa, kuma bala'i ne ya fi buɗe aljihu. Girgizar ƙasar Gujarat ta Janairun 2001 ita ce ta haifar da gidauniyar AIF, wadda Bill Clinton ya taimaka wajen kafa ta. Girgizar Kashmir ta Oktoban 2005 ta sa likitocin APPNA sun bar asibitocinsu sun tafi aikin sa kai. A 2021 kuma, da annobar korona ta yi tsanani a Indiya, ƙungiyoyin suka yi ta aika na'urorin samar da iskar numfashi. A lokacin lafiya ilimi ne kan gaba, ta hannun ƙungiyoyi irin su Pratham ta Mumbai da TCF ta Karachi, waɗanda ke da rassan tara kuɗi a Amurka da Ingila.

Sai dai al'adar tana da nata giɓin. Tikitin liyafa ya fi ƙarfin direban tasi ɗan Bangladesh da ke New York ko mai wankin kwanuka a gidan abinci, kuma ko da yake wasu rassan likitoci suna gudanar da asibitin kyauta a biranen da suke zaune, ya fi sauƙi a tara kuɗi don ƙauyen da ke nesa a kan a tara don talaka ɗan'uwa da ke bayan layi, domin shi ganinsa yana ɓata labarin nasarar da taron ke son bayarwa. Haka kuma fasahohin da ake ɗaukakawa galibi na masu babban asali ne, batun da ƙungiyoyin Dalit, waɗanda tsarin asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa, suka daɗe suna ƙorafi a kansa. Ƙorafin wariyar asali ya kai gaban hukuma a Fabrairun 2023, lokacin da Seattle ya zama birni na farko a Amurka da ya haramta nuna bambanci saboda asalin da aka haifi mutum a cikinsa.