Girman Jiki da Ƙarfin Ɗaga Nauyi a Wurin Matasa 'Yan Ƙwallon Gora na Ƙanƙara

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da irin wannan tunani ne masu horar da 'yan wasa suke aiki, domin kuwa aikinsu shi ne su dubi yaro ɗan shekara goma sha biyu su yi hasashen abin da zai zama in ya kai ashirin. Abu na farko da ido kan kama shi ne tsawon yaro da kaurinsa, na biyu kuwa shi ne yawan ƙarfen da zai iya ɗagawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ko waɗannan alamomi biyu sun isa a dogara da su. Za mu ɗauki misalanmu daga wasan ƙwallon gora na ƙanƙara kamar yadda ake yin sa a Kanada da Amurka, saboda a can ne masana suka daɗe suna nazarin wannan al'amari. Da yake wasan baƙo ne ga mafi yawan masu karatu, ya kamata mu fara da bayanin yadda yake.

2.0 Yadda wasan yake

An yi wasa na farko mai tsari a cikin ɗaki a birnin Montreal na Kanada ranar 3 ga Maris, 1875, sa'an nan aka kafa babbar gasar ƙwararru ta NHL a 1917. Filin wasan daskararren ruwa ne, mai tsawon mita 61 da faɗin mita 26 a ma'aunin NHL, kuma an kewaye shi da katanga. Kowane ɓangare yana da mutum shida har da mai tsaron gida. Ɗan wasa yana sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da su yake sulɓi a kan ƙanƙara, yana riƙe da gora mai lanƙwasa. Abin da ake bugawa wani faifan roba ne mai tauri, faɗinsa santimita 7.6, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Ana yin zango uku, kowanne minti 20, amma saboda tsananin gudu ɗan wasa ba ya cika yin minti ɗaya a fili ba tare da an canja shi ba. Daɗin daɗawa, a wasan manyan maza doka ta yarda mutum ya bangaje abokin hamayyarsa da kafaɗa ko da ƙugu domin ya raba shi da faifan.

Daga wannan bayani za a ga cewa wasan yana neman abubuwa uku daga jiki: a tashi da gudu nan take, a juya ba tare da an faɗi ba, a kuma tsaya daram idan an sha bangaza. Tushen dukan ukun yana cikin ƙafafu da ƙugu.

3.0 Girman jiki da watan haihuwa

A farkon shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Barnsley ya je kallon wasan matasa a garin Lethbridge tare da matarsa Paula. Ita ce ta lura, a cikin takardar sunayen 'yan wasa, cewa yawancinsu an haife su ne a watannin farko na shekara. Suka bi diddigin al'amarin tare da A. H. Thompson, suka buga sakamakonsu a 1985. Sun gano cewa a manyan gasannin matasa na Kanada, waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris sun kai kimanin kashi 40 cikin ɗari, alhali waɗanda aka haifa daga Oktoba zuwa Disamba ba su wuce kimanin kashi 10 ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A Kanada ana raba yara rukuni rukuni bisa shekarar haihuwa, kuma shekarar tana farawa ne daga 1 ga Janairu. Ke nan yaron da aka haifa ranar 2 ga Janairu da wanda aka haifa ranar 30 ga Disamba tsara ne a idon doka, ko da yake na farkon ya girmi na biyun da kusan wata goma sha biyu. Ga ɗan shekara tara ko goma, wannan tazara ta kai kashi ɗaya cikin goma na rayuwarsa. Babban yakan fi tsawo da nauyi da iya sarrafa gaɓoɓi, sai mai horarwa ya ɗauke shi a matsayin mai baiwa, ya sa shi a ƙungiyar zaɓaɓɓu. A can zai sami ƙwararrun masu koyarwa, ya buga wasanni masu yawa, ya kara da gwanaye. Bayan shekara huɗu ko biyar sai ya zamana lalle ya fi ɗan Disamba iyawa, amma fifikon nan zaɓen ne ya haifar da shi.

4.0 Balaga da saurin girma

Matsala ta biyu ta fi ta farko girma, watau lokacin balaga. Yawancin yara maza suna yin saurin tsawo mafi yawa a wajen shekara 14, inda yaro kan ƙara kimanin santimita tara ko goma a shekara guda. Amma wani yakan riga wannan lokaci da shekara ɗaya ko biyu, wani kuma yakan makara da kamar haka. A lokacin ne sinadarin testosteron yake yawaita a jiki, tsoka ta yi kauri, kafaɗu su buɗe, ƙarfi kuma ya biyo bayan tsawo da 'yan watanni. Saboda haka ana iya samun yara biyu masu shekara 13 a ƙungiya ɗaya, ɗaya da jikin saurayi, ɗaya da jikin yaro.

Lauren Sherar da abokan aikinta sun yi nazarin samari masu shekara 14 zuwa 15 da suka zo neman shiga ƙungiyar lardin Saskatchewan, suka buga abin da suka samu a 2007. Waɗanda aka zaɓa sun fi waɗanda aka bari tsawo da nauyi, kuma sun riga su balaga. Abin lura a nan shi ne riga balaga ba ya nufin yaro zai fi tsaransa tsawo in an girma. Mai makara yakan cim masa, wani lokaci ma ya wuce shi, sai dai kafin nan mai yiwuwa an sallame shi, ko shi da kansa ya karaya ya bar wasan.

Waɗanda suka jure kuwa sukan ba da mamaki. Robert Deaner da abokan aikinsa sun duba zaɓen sababbin 'yan wasa na NHL na shekaru masu yawa, suka nuna a 2013 cewa waɗanda aka haifa a ƙarshen shekara sukan yi aiki fiye da yadda matsayin da aka zaɓe su ya nuna. Ma'anar wannan ita ce ƙwararrun masu zaɓe ma girman jiki yana ruɗarsu.

5.0 Bangaza da rauni

Bambancin girma ba a zaɓe kaɗai ya tsaya ba, ya shafi lafiya. A ilmin kimiyya, idan jiki biyu suka yi karo, ƙarfin da ya bugi kowannensu ɗaya ne, amma marar nauyin shi ne gudunsa ya fi canjawa. Alal misali, idan yaro mai kilo 40 ya yi karo da mai kilo 70, jijjigar da ƙaramin zai sha ta kusa ninka ta babban sau biyu. Ita wannan jijjiga ce take kaɗa ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ta jawo jiri da ciwon kai da mantuwa.

Carolyn Emery ta Jami'ar Calgary ta kwatanta yara masu shekara 11 zuwa 12 a lardin Alberta, inda a lokacin aka yarda da bangaza, da tsaransu na lardin Quebec, inda aka hana. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna cewa yaran Alberta sun ninka na Quebec sau uku wajen samun rauni a wasa, har da buguwar ƙwaƙwalwa. Hukumar wasan ta Amurka ta hana bangaza ga wannan rukuni a 2011, ta Kanada ta biyo baya a 2013. Da aka sake dubawa a Alberta bayan hanin, sai aka ga raunuka sun ragu da rabi, buguwar ƙwaƙwalwa kuma ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku.

6.0 Ƙarfi iri biyu

Yanzu sai mu juya ga ɗaga nauyi. Ya kamata a rarrabe tsakanin jimlar abin da mutum zai iya ɗagawa, da kuma abin da zai iya ɗagawa idan an gwada da nauyin jikinsa. Tun a 1638 Galileo ya yi bayanin ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan. Idan aka ninka girman jiki sau biyu ta kowace fuska, kaurin tsoka, wanda shi ne ma'aunin ƙarfi, zai ninku sau huɗu, amma nauyin jikin zai ninku sau takwas. Ke nan nauyi yana riga ƙarfi hauhawa. Gasar ɗaga nauyi ta tabbatar da haka. A wasannin Olamfik na 1988 Naim Süleymanoğlu na Turkiyya, mai nauyin kilo 60, ya ɗaga kilo 190, fiye da ninki uku na jikinsa. A 2021 Lasha Talakhadze na Jojiya ya ɗaga kilo 267, amma wannan bai kai ninki biyu na nauyinsa ba.

A kan ƙanƙara, nauyin da ɗan wasa yake turawa a kowane taku shi ne jikinsa. Don haka ƙarfi na biyun, musamman na cinya da ƙugu, shi ne yake ba da gudu. Nazarce-nazarce da dama sun nuna cewa matasan da suka fi tsalle da gajeren gudu a ƙasa su ne suka fi sauri a kan ƙanƙara. Yaron da ya ƙara kilo goma ba tare da ƙafafunsa sun ƙara ƙarfi daidai da haka ba, zai iya ɗaga ƙarfe mai yawa a ɗakin motsa jiki, amma a fili sai a gan shi a baya.

Tarihin wasan yana da shaidu. A gwajin ƙarfi da NHL take yi wa matasa kafin zaɓe, Sam Bennett, yana ɗan shekara 17 a 2014, ya kasa jan jikinsa sama a kan sandar ƙarfe ko sau ɗaya, aka yi ta yi masa ba'a. Duk da haka Calgary Flames ta ɗauke shi na huɗu, kuma ya ci Kofin Stanley tare da Florida Panthers a 2024 da 2025, har aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe na 2025. Martin St. Louis kuwa, mai tsawon santimita 173, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, amma a 2004 shi ya fi kowa maki a NHL, ya zama gwarzon shekara, ya kuma ci kofi da Tampa Bay Lightning. An san shi da kaurin cinyoyi da suka sa ture shi ya yi wuya. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Wannan ba ya nufin girma ba shi da amfani. Zdeno Chara na Sulobakiya, mai santimita 206, dogon hannunsa da doguwar gorarsa sun sa wuce shi ya zama aiki, kuma a 2012 ya buga faifai da gudun kilomita 175 a awa. Sai dai shi girma ne na cikakken mutum wanda aka haɗa da horo, ba irin na ɗan shekara 13 wanda gobe tsaransa za su tarar da shi ba.

7.0 Ko ya dace yaro ya ɗaga ƙarfe?

An daɗe ana cewa ɗaga nauyi yana tsugunar da yaro, wai yana lalata guringuntsin da ke ƙarshen ƙashi inda tsawo yake fitowa. Rahoton Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka na 2020 ya bayyana cewa horo mai tsari, a ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin, ba ya hana tsawo. Raunin da akan samu yawanci yana zuwa ne daga rashin mai kula, ko ganganci, ko ƙarfe ya kuɓuce ya faɗo.

Kafin balaga yaro yana ƙara ƙarfi idan ya yi horo, ko da yake tsokarsa ba ta yin kauri sosai. Abin da yake faruwa shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna koyon yadda za su sa tsoka aiki gaba ɗaya a lokacin da ya dace. Saboda haka masana suka fi son a fara da nauyin jiki, kamar tsuguno da tsalle da tsayuwa a ƙafa ɗaya, sa'an nan a shigo da ƙarfe marar nauyi, sau biyu ko uku a mako, ana tsallake kwana a tsakani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya tsarin motsi tun da wuri, idan balaga ta zo da tsoka sai ta tarar da wurin zama. Wannan hanya ta fi amfanar mai makarar girma, domin tsawo ba a hannunsa yake ba, amma ƙarfin ƙafa yana iya nemansa.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsakanin shekara 10 zuwa 15 girman yaro da yawan abin da yake ɗagawa sun fi nuna watan haihuwarsa da lokacin balagarsa fiye da baiwarsa. Mun kuma ga cewa haɗa babba da ƙarami a wasan bangaza yana jawo rauni, kuma ƙarfin da ya fi amfani a kan ƙanƙara shi ne na ƙafa idan an auna shi da nauyin jiki. Abin da ya kamaci mai horarwa shi ne ya riƙa rubuta tsawon kowane yaro da nauyinsa a kai a kai, ya gwada shi da waɗanda suke mataki ɗaya na girma, ya kuma jinkirta yanke hukunci a kan wanda bai gama tasowa ba. Makarantun ƙwallon ƙafa na gasar Firimiya ta Ingila sun gwada shirya wasanni inda ake haɗa yara bisa matakin girman jiki maimakon shekarar haihuwa, kuma babu abin da zai hana sauran wasanni koyi da wannan. Idan an bar ido kaɗai ya yi zaɓe, to za a ci gaba da ɗaukar wanda ya riga girma ana zubar da wanda ya fi iyawa.