Ƙyalle, Madubi da Ma'aunin Sauti: Guzurin Mai Koyon Busa Sarewa

Makiyayin da ya yanki kara ko gora ya huda masa ƙofofi huɗu, ya gama tanadin kayan busa. Sarewarsa ba ta neman akwati, ba ta neman mai gyara. In ta tsage ya yar ya sassaƙa wata. Da sarewar gargajiya Yacouba Moumouni na ƙungiyar Mamar Kassey ya tashi daga Yamai ya zaga ƙasashen duniya. Amma sarewar ƙarfe mai maɓallai, wadda muke gani a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, da wasu makarantu da majami'u, lamarinta daban ne. Ita tana da buƙatu, kuma wanda ya saye ta bai san buƙatunta ba, kafin shekara ta zagayo zai ajiye ta yana cewa busa ta gagare shi, alhali sau da yawa ba laifinsa ba ne, sarewar ce ta lalace a hannunsa bai ankara ba.

Dalilin yana cikin ƙirarta. Wani Bajamushe mai suna Theobald Boehm, maƙerin zinariya kuma gwanin busa a birnin Munik, shi ya fito da wannan tsari a shekarar 1847. Kafinsa ana huda ƙofofin sarewa ne inda yatsu za su kai. Shi kuwa ya huda su inda lissafin sauti ya ce a huda, ya kuma faɗaɗa su har suka fi ƙarfin yatsa. Tunda yatsa ba zai rufe su ba, sai ya ɗora musu maɓallai, kowane maɓalli da ɗan gammo a ƙarƙashinsa. Gammon nan ulu ne da aka matse, aka lulluɓe shi da wata siririyar fata da ake samu daga hanjin dabba. Sarewa ɗaya tana da 16 ko 17. Idan ɗaya daga ciki ya kumbura, ko ya ƙanƙance, ko fatarsa ta yage, iska ta samu kafar sulalewa, kuma sautukan ƙasa su ne na farko da za su ƙi fita. Sai ka ga yaro yana ta danna maɓallai da ƙarfi, jijiyar wuya ta tashi, malami yana faɗa, nan kuwa gammo ne ke yoyo.

Shi ya sa a wurina babu kayan da ya kai ƙyalle da sandar goge ciki muhimmanci, duk da su ne mafi araha. Numfashin ɗan Adam yana fitowa da ɗumi da laima. Da ya bugi ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa, ya kwanta a cikin bututun, ya gangara ya jiƙa gammayen. Duk wanda ya yi busa na rabin awa ya leƙa cikin kan sarewarsa zai ga ɗigon ruwa jere a bango. Idan aka rufe akwati a haka, gammo ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya takura, gobe ma haka, har ya daina zama daidai a bakin ƙofarsa. Maganin bai wuce aikin minti biyu ba. A zura gefen ƙyallen auduga mai laushi a kafar sandar, a naɗe kan sandar da shi don kada ƙarfe ya karci ƙarfe, a goge kowace gaɓa daga cikin ukun: kai, da gangar jiki, da ƙafa. Tsohon hankici mai tsabta ya wadatar. Sai dai jiƙaƙƙen ƙyallen ba ya kwana cikin akwati tare da sarewa, don laimar da aka kora za ta koma inda ta fito. A sa shi a aljihun jakar waje, a riƙa wanke shi. Haka kuma wata sanda mai gashi-gashi da ake sayarwa wai a bar ta cikin sarewa ta tsotse ruwa, ni ba na ba da shawararta. Ruwan da ta tsotsa yana nan kusa da gammayen.

Akwai wani sirri a jikin sandar nan da da yawa ba su lura da shi ba. A ɗaya ƙarshenta akwai wani ɗan zane da ya zagaye ta. A cikin kan sarewa, bayan ƙofar busa, akwai matoshi na ɓawon itace, kuma tazararsa daga tsakiyar ƙofar ya kamata ta zama kimanin milimita 17. In ka zura sandar ta ƙarshen mai zanen har ta taɓa matoshin, ya kamata ka hango zanen a tsakiyar ƙofar busa daidai. In ya karkata, matoshin ya gusa, kuma sautukan sama da na ƙasa ba za su taɓa jituwa ba komai ƙoƙarinka. Ɓawon itace yana bushewa ya tsuke, kuma hunturunmu ba ya raga masa. Idan murfin kan sarewa ya fara juyawa sakaka ba tirjiya, lokacin canza matoshi ya yi.

Abin da ke bakin mabushi ma yana shiga cikin sarewa. Shayi mai sukari, alewa, lemon kwalba, goro, duk numfashi zai kwashe su ya kai wa gammo, sai ka ji maɓalli yana ɗan ƙara "tsak, tsak" duk sa'ad da ya ɗaga. A kuskure baki ko a yi asuwaki kafin a busa, a wanke hannu. In gammo ya riga ya fara danƙo, a sa takardar naɗa taba marar gam a ƙarƙashinsa, a danna maɓallin a hankali, a sake shi, sannan a zare takardar. Kada a ja ta alhali maɓallin yana danne, fatar za ta yage.

Akwati kuwa ya zama mai ƙarfi, wanda kowace gaɓa ke zama daram a gurbinta ba ta girgiza. Kada a cusa littafi ko fensir a ciki a danne murfi, maɓallai za su lanƙwashe. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin sandunan maɓallai ta haɗu da mai ta riƙa cin ƙarfen, don haka da an gama busa a mayar da sarewa gidanta a rufe. Mota da aka ajiye a rana da bazara kuwa, zafin cikinta ya isa ya sassauta gam ɗin da ke riƙe wasu gammaye da ƙananan matosai. Sannan abubuwa uku da nake roƙon a nisanta da sarewa: man goge ƙarfe, wanda ke cinye rufin azurfa ya kuma ɓata gammo, basilin ko wani maiƙo a mahaɗar gaɓoɓi, wanda ke tara ƙura (mahaɗar ƙarfe gogewa kawai take so), da ƙaramin sukundireba a hannun wanda bai koyi gyara ba. Baƙin da azurfa ke yi sinadarin farar wuta ne da ke cikin iska ke jawo shi, kuma bai taɓa sauti ba ko kaɗan.

Wannan ke nan game da lafiyar sarewa. Saura kayan da ke gaya wa mabushi gaskiya game da kansa.

Na farkonsu madubi. Sarewa ba ta da harshe irin na algaita. Iskar da ke fitowa daga tsakanin leɓɓa ce ke bugun bakin ƙofa ta rabu biyu, sauti ya tashi. Girman kafar leɓɓan, da inda ta dosa, da yawan ƙofar da leɓen ƙasa ya rufe, su ne komai, kuma mai busa ba ya ganin bakinsa. Malamai da yawa sukan sa sabon ɗalibi ya shafe kwanaki yana busa kan sarewa shi kaɗai a gaban madubi. A nan zai ga ko kafar ta karkace, ko kafaɗarsa tana ɗagawa idan ya ja numfashi, ko ya sunkuyar da kai. Zai ma ga wani abu mai kyau: tururin numfashinsa yana barin wani ɗan zane mai kusurwa uku a kan ƙarfen da ke gaban ƙofar. In zanen yana tsakiya, iska na tafiya daidai. Kwalba ma tana taimakawa, wanda ya iya fitar da sauti daga bakin kwalba ya kama hanya. Wayar hannu kuma ta zama madubin kunne: ɗauki sautinka ka saurara, za ka ji abin da ba ka ji lokacin da kake busa.

Sai ma'aunin sauti. Wani taro da aka yi a Landan a 1939 ya tsayar da cewa sautin da ake kira A ya riƙa kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, kodayake kamfanoni da dama yanzu suna ƙera sarewa a kan 442. Na'urar, ko manhajarta a waya wadda ake samu kyauta, tana nuna maka ko ka haura ko ka gaza. Mu da ke ƙasar zafi muna da dalili na musamman na riƙe ta. Gudun sauti a iska yana kai mita 343 a daƙiƙa idan zafi yana digiri 20, kuma yana ƙaruwa da fiye da rabin mita a kan kowane digiri. Da gudun ya ƙaru, sautin sarewa sai ya hau. Ke nan sarewar da ta zauna daidai da sanyin asubar hunturu, za ta haura da azahar ɗin bazara a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke wuce digiri 40. Gyaran shi ne a ɗan zaro kan sarewa milimita kaɗan, bututun ya ƙara tsawo, sautin ya sauko. Ƙarfin busa ma yana taka rawa: in ka busa da ƙarfi ya hau, in ka sassauta ya faɗi. Amma ina da gargaɗi a nan. Na ga masu koyo da ido ya maye musu gurbin kunne, sun ƙura wa allurar na'ura ido ba sa sauraron kansu. Hanyar da ta fi ita ce a sa na'urar ta riƙa fitar da sauti ɗaya dogo, kai kuma ka busa tare da shi har ka ji rawar da ke tsakanin sautukan biyu ta lafa. Ranar wasa tare da jama'a, kunne ne zai fisshe ka.

Metronom, wato na'urar ƙidayar bugu, Dietrich Winkel ne ya ƙirƙiro ta a Amsterdam, Johann Maelzel kuma ya yi mata rajista da sunansa a 1815. Bayan shekara biyu Beethoven ya wallafa lambobin saurin da yake so a yi manyan kiɗe-kiɗensa da su. Tsohuwar ƙirarta tana bugawa daga 40 zuwa 208 a minti. Wanda ya tashi da kalangu a kunnensa zai iya cewa ba ya buƙatarta, kuma gaskiya ne jin kiɗa yana jikinmu. Sai dai amfaninta ga mai koyo shi ne ta hana shi gudu a wuri mai sauƙi da jan ƙafa a wuri mai wuya. Sa ta a 60, ka bi gaɓar da ke ba ka wahala har yatsu su saba, sannan ka ƙara huɗu.

Maɗorin takarda mai tsayuwa shi ma ba ado ba ne. Wanda ya shimfiɗa littafi a kan gado ko tabarma dole ya sunkuya, in ya sunkuya kuwa maƙogwaro ya matse, numfashi ya ragu. A ɗaga takarda ta zo daidai ido, a ajiye fensir kusa don sa alamar inda za a ja numfashi. Game da littattafai, na Taffanel da Gaubert na 1923 da na Marcel Moyse na 1934 kan gyaran sauti har yau ana karantar da su, amma mafari ya fara da wanda malaminsa ya zaɓa masa.

Iyaye su kula da girman yaro. Sarewa ta kai kimanin santimita 67, kuma ɗan shekara bakwai ko takwas sai ya miƙe hannu ya murɗe wuya kafin ya kai ƙarshenta. Akwai kan sarewa mai lanƙwasa da ke rage nisan, kamfanin Nuvo kuma yana yin ta roba marar nauyi wadda ba ta tsoron ruwa. Wanda sarewarsa ke da maɓallai masu huji a tsakiya, akwai 'yan matosan roba da zai sa har yatsunsa su saba. Masu busa fikolo, ƙaramar sarewa mai tsinin murya da ake ji sama da kowa a fareti, su nemi matoshin kunne na makaɗa, musamman don kunnen dama. Ƙararta tana iya wuce desibel 100, alhali masana lafiya sun sa iyakar wurin aiki a 85 na tsawon awa takwas, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

To, ina batun kan sarewa na azurfa zalla ko na zinariya da 'yan kasuwa ke kwaɗaitar da mutane? A 1971 wani masanin kimiyyar sauti a Amurka, John Coltman, ya gwada bututu uku masu ƙira ɗaya, na azurfa da na jan ƙarfe da na katako, kuma masu sauraro suka kasa bambance su. Abin da ke canza sauti shi ne yadda aka yanka bakin ƙofar busa, da zaman gammaye, da bakin mai busa. Kuɗin da mafari zai zuba a zinariya, gara ya biya malami, ya kuma kai sarewarsa a duba ta sau ɗaya a shekara.

A nan ne kuma gizo ke saƙar, don masu gyaran sarewa sun yi ƙaranci a garuruwanmu. A ɗakunan ajiya na makarantu akwai sarewu kwance da ba abin da ke damunsu sai gammo biyu ko uku da matoshi ɗaya. Ina kira ga shugabannin makarantu da na ƙungiyoyin busa da su zaɓi matashi ɗaya mai natsuwar hannu, irin masu gyaran agogo ko waya, su ɗauki nauyinsa ya je ya koyo canza gammo da daidaita maɓallai, kafin su sake fitar da kuɗi su sayo sababbi.