Ɗinkin hula da hannu

Ranar hawan salla a Damagaram, mahaya suna fitowa da kaya irin na kakanni: babbar riga, alkyabba, rawani da hula. Yara, kun taɓa duba hular nan da kyau? Da yawa cikinsu ba keke ya ɗinka su ba, hannu ne da allura.

Hula iri-iri ce. Akwai haɓar-kada mai kunnuwa biyu, tsohuwar hula ce ƙwarai. Akwai jar dara, amma ita ba a nan ake yin ta ba. A da, ayarin raƙuma ne ke kawo ta daga Tarabulus, tare da jan zaren alharini da ake yi wa kayan sarakuna ado da shi. Wadda za mu duba yau ita ce hula mai zane.

Mai ɗinki yakan yanka farin ƙyalle gida biyu: dogo wanda zai zagaye kai, da ɗan kewayayye na sama. Sai mai zane ya fidda zane a kansu da alƙalami. Daga nan aiki ya koma ga allura.

Nan ne wuyar take. Mai ɗinki yakan huda ɗan rami a ƙyallen, ya bi bakinsa da zare har ya zagaye shi, sa'an nan ya wuce ga na kusa. Haka zai yi ta yi, rami bayan rami, yana sauya launin zare yadda zanen ya nuna. In ya ja zare da ƙarfi, ƙyalle ya tattare. In ya sassauta, ɗinki ya yi sako-sako, wanki kaɗan ya lalace. Hula guda takan ci makonni, mai ƙananan ramuka kuwa har watanni. Maza na yi, mata ma na yi a cikin gida.

In an gama, a haɗa gida biyun, a kai wa mai wankin hula. Shi zai wanke ta, ya sa mata sitaci, ya kifa ta bisa gungumen icce mai siffar kai har ta bushe.

Hular inji ta fi araha, shi ya sa masu saye suke rububinta. In kuna so ku bambanta su, ku dubi ramukan: na inji duk girmansu ɗaya, na hannu kuwa wani ya ɗan fi wani.