Araha Ta Ci Kasuwa: Fafatawar Kwamfutocin Gida a Shekarun 1980

Magidancin da ya shiga kantin kayan lantarki a Landan gab da Kirsimetin 1983 da niyyar saya wa ɗansa kwamfuta, sai ya tarar da kansa a tsaka mai wuya. Ga BBC Micro a kan fam 399, irin wadda yaron ke gani a makaranta. Ga Commodore 64 daga Amurka, mai launi da kiɗa kamar na gidan wasa. Can gefe kuma ga wata 'yar baƙar aba mai madannan roba, wadda girmanta bai wuce na littafi ba, ZX Spectrum, ana sayar da ƙaramarta fam 99.95, babbar kuma fam 129.95. Da injiniya ya tambaya, da BBC Micro za a nuna masa. Amma yawancin iyaye a Birtaniya aljihunsu suka tambaya, kuma aljihu ya ce Spectrum.

Abin da ya sa waɗannan na'urori suka iya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi tun farko shi ne, rabin kwamfuta kawai ake sayarwa. Sauran rabin yana gida. Talabijin ɗin falo shi ne allo, rikodar da ake jin waƙa da ita kuma ita ce ma'ajiya, domin a kaset ake naɗar manhaja. Clive Sinclair na birnin Cambridge ne ya kai wannan dabara maƙura. A 1980 ya fito da ZX80 a ƙasa da fam 100, a 1981 ya biyo da ZX81 a kan fam 69.95, ko fam 49.95 ga wanda zai iya harhaɗa ta da hannunsa. Ƙwaƙwalwarta kilobait 1 ce tak, ba launi, ba sauti. Duk da haka mutane suka yi ta saye, don ba su taɓa tsammanin kwamfuta za ta zo daidai da kuɗinsu ba.

Spectrum, wadda ta fito a watan Afrilun 1982, ita ce ta kawo launi cikin wannan tsari na tsimi. Babbar tana da kilobait 48, masarrafinta Z80 ne na kamfanin Zilog. Sai dai araha ba ta ado. Don a rage cin ƙwaƙwalwa, an rarraba allon gida-gida, kowane ɗan murabba'i mai ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance launi biyu kawai yake ɗauka. Saboda haka in jarumin wasa ya gifta ta gaban bango, sai launinsa ya malale a kan bangon, ko na bangon ya rine shi. Sautinta kuwa ɗan ƙaramin lasifika ne mai murya ɗaya, ƙara kawai yake yi. Ba ta ma da wurin jona sandar wasa sai an sayi wani abin haɗi daban.

Commodore 64 ta bi wata hanya, kuma sirrinta yana wurin mai kamfanin. Jack Tramiel, Bayahuden Poland da ya tsira daga sansanin Auschwitz, ya taɓa shan kashi a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Texas Instruments, wanda ke sayar masa da ƙwayoyin lantarkin da yake sakawa a na'urorin lissafi, ya fara ƙera nasa na'urorin yana karya farashi. Darasin da ya ɗauka shi ne kada ya ƙara dogara da kowa. A 1976 ya sayi MOS Technology, masana'antar da ta ƙera masarrafin 6502. Daga nan Commodore ya zama yana yin ƙwayoyinsa a gidansa, a kan kuɗin da ya ci shi, alhali abokan hamayya suna saye a kasuwa, wasu ma a hannunsa.

Wannan ne ya ba injiniyoyinsa damar ƙera ƙwaya biyu na musamman. Ɗaya, VIC-II, tana kula da hoto: launi 16, da siffofi 8 masu yawo a allo da kansu ba tare da sun wahalar da masarrafi ba. Ɗayar, SID, wadda Bob Yannes ya tsara, kayan kiɗa ce sukutum mai murya uku. A takarda masarrafin Spectrum ya fi gudu, megahaz 3.5, na Commodore kuwa wajen 1. Amma wannan adadi yana ruɗi, domin ginin masarrafan biyu ba ɗaya ba ne, kuma a Spectrum masarrafin ne ke ɗaukar kusan dukan kaya shi kaɗai, a Commodore kuwa yana da mataimaka. Shi ya sa wasan gudu da harbi ya fi santsi a Commodore 64, har mawaƙan kwamfuta irin su Rob Hubbard da Martin Galway suka yi suna, ana sayen wasa don kiɗansu kawai.

Commodore 64 ta fito a watan Agustan 1982 a kan dala 595. Idan aka tuna cewa IBM PC ta fara ne daga dala 1,565 a 1981, kuma Apple IIe ta zo a dala 1,395 a 1983, za a ga irin giɓin da ke tsakani. Tramiel bai tsaya nan ba. Ya kai ta manyan kantunan da ake sayar da kayan gida da na wasan yara, ya yi ta zabge farashi har ya sauko kusan dala 200 a cikin 1983. Ya kuma yi shelar mayar da dala 100 ga duk wanda ya aiko da tsohuwar kwamfuta ko na'urar wasa, ko wace iri ce. Wasu dillalai sai suka riƙa haɗa wa mai saye da Timex Sinclair 1000, wato ZX81 ta Amurka, a kan 'yan daloli kaɗan, don kawai ya aika ya karɓi ɗarinsa.

Wanda wannan yaƙi ya fi yi wa illa shi ne tsohon abokin gaba. Texas Instruments ya bi sahun rage farashin kwamfutarsa TI-99/4A har ya koma sayarwa da faɗuwa, ya yi asarar sama da dala miliyan 100 cikin wata uku, sannan a watan Oktoban 1983 ya fice daga kasuwar kwamfutar gida. Ramuwa ta cika, amma shi ma Tramiel bai daɗe ba: a Janairun 1984 ya bar Commodore bayan saɓani da babban mai hannun jari, ya je ya sayi sashen kayan gida na Atari.

BBC Micro labarinta daban ne, don ba daga kasuwa ta taso ba. Gidan rediyo da talabijin na BBC ne ya shirya gangamin wayar da kan jama'a game da kwamfuta, ya nemi kamfanin da zai ƙera na'urar da za a riƙa koyarwa da ita, kamfanin Acorn, shi ma na Cambridge, ya ci kwangilar. Na'urar ta fito a ƙarshen 1981. Madannanta na gaske ne, jikinta mai ƙwari, yaren BASIC ɗinta ya fi na sauran tsari da sauri, ga kafofin jona kayan gwaje-gwaje iri-iri. Gwamnati ta riƙa biyan rabin kuɗi ga makarantu, ba a jima ba ta mamaye yawancin makarantun ƙasar. Amma gida, sai na masu hali. Adadin da aka sayar wajen miliyan 1.5 ne, Spectrum kuwa ta kai wajen miliyan 5, Commodore 64 kuma ana ƙiyasta tsakanin miliyan 12.5 da 17, abin da ya sa kundin Guinness ya sanya ta a matsayin samfurin kwamfuta guda da aka fi saye a tarihi.

A nan ne wasanni suka shigo, kuma su ne suka yanke hukunci. Iyaye sun sayi na'urorin ne da sunan karatu, tallace-tallace ma haka suka nuna: yaro yana koyon lissafi, uba yana tsara kasafin gida. Abin da ya faru a zahiri shi ne yaro ya rubuta umarnin lodi, ya danna rikoda, ya zauna yana sauraren ƙugi da tsuwa na kusan minti biyar, yana fatan kada kaset ɗin ya tuɓure a ƙarshe. Masu yin wasa kuwa inda jama'a suka fi yawa suke bi. Na'urar da ta fi araha ta fi masu ita, wadda ta fi masu ita ta fi samun wasanni, yaro kuma yana son irin wadda abokansa ke da ita, domin su riƙa musayar kaset. Kwafar wasa ba ta fi gurza kaset ɗin waƙa a rikoda mai baki biyu wuya ba. Kamfanonin wasa sun yi ta kuka da wannan sata, amma babu shakka ta taimaka wa masu sayar da na'ura, don duk wanda ya san zai samu wasanni kyauta a makaranta ya san wace kwamfuta zai roƙa a saya masa.

Waɗanda suka kasa shiga wannan zagaye sun mutu da wuri, ko da ƙirarsu ba ta da laifi. Jupiter Ace, wadda biyu daga cikin waɗanda suka yi aikin Spectrum suka ƙera, ta zo da yaren Forth maimakon BASIC da kowa ya sani, ba ta samu wasanni da yawa ba, kamfanin ya rushe a 1983. Dragon Data na yankin Wales ya bi baya a 1984.

Ƙuncin Spectrum ya haifar da wani abin da ba a zata ba. Da yake kowane mai ita yana iya rubuta manhaja da zarar ya kunna, kuma mujallu suna buga wasanni layi-layi don mai karatu ya kwafa da hannu, sai samari suka fara yin nasu a ɗakin kwanansu. Matthew Smith bai kai shekara 18 ba lokacin da ya rubuta Manic Miner a 1983. 'Yan'uwa Tim da Chris Stamper, daga wani ƙaramin gari mai suna Ashby-de-la-Zouch, suka fitar da Jetpac a wannan shekara, sannan Knight Lore a 1984, wanda ya nuna ɗakuna masu zurfi da tsawo a na'urar da aka ce ba za ta iya ba. Dabararsu game da malalar launi ita ce su zana duk abin da ke ɗaki da launi ɗaya. Kamfaninsu ne daga baya ya zama Rare. Ita ma BBC Micro ta samu nata abin alfahari a 1984, wato Elite na David Braben da Ian Bell, ɗalibai a Jami'ar Cambridge, waɗanda suka cusa duniyoyi sama da 2,000 a na'ura mai kilobait 32, ta hanyar sa kwamfutar ta ƙirƙiro su da lissafi maimakon ta adana su. Amma ba a daɗe ba aka juya Elite zuwa Spectrum da Commodore 64, inda masu saye suke.

Farashin wasa shi ma ya faɗi. Mastertronic ya fara sayar da kaset a kan fam 1.99 a 1984, a shagunan jarida da gidajen mai, kuɗin da yaro zai iya tarawa da kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa durƙushewar kasuwar na'urorin wasa ta Amurka a 1983 ba ta girgiza Turai sosai ba, kuma Nintendo, wanda ya mamaye Amurka daga 1985, ya daɗe bai samu irin wannan gindin zama a Birtaniya ba.

Kowace ƙasa da gwaninta, kuma kusan ko'ina kuɗi da hanyar samu ne suka zaɓa. Jamus ta Yamma ta rungumi Commodore. Faransa ta karkata ga Amstrad CPC 464, wadda Alan Sugar ya fitar a 1984 da allonta da rikodarta a haɗe, fam 249 mai koren allo, fam 359 mai launi, ta raba gardamar wa zai kalli talabijin a falo. A Tarayyar Sobiyet da Brazil, inda shigo da kaya ke da wuya, sauƙin ƙirar Spectrum ya sa aka riƙa kwaikwayonta, aka samu irin su Pentagon da TK90X. Japan ta fito da tsarin MSX a 1983, wanda kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya mayar da shi Larabci da sunan Sakhr, ya zama kwamfutar farko ga yara da yawa a ƙasashen Larabawa.

Masu ƙera na'urorin ne ba su ci ribar yaƙin ba. Acorn ya yi ƙoƙarin sauka kasuwar talakawa da Electron a kan fam 199, ya kasa samar da isassu a Kirsimetin 1983, da suka samu kuma kasuwa ta riga ta yi sanyi, kaya suka jibge a sito. A 1985 Olivetti na Italiya ya ceto shi da sayen kusan rabin hannun jarinsa. Sinclair ya tafka asara a kwamfutar QL da 'yar motar lantarki C5, ya sayar wa Amstrad sunansa da kwamfutocinsa a 1986 a kan fam miliyan 5. Commodore ya ci gaba da sayar da 64 tare da sabuwar kwamfutarsa Amiga har ya karye a 1994, lokacin da kwamfutoci masu bin tsarin IBM suka cinye ofis da gida.

Acorn, wanda ya sha kaye a kanti, ya riga ya zuba ribar BBC Micro a wani aiki. Sophie Wilson da Steve Furber sun tsara sabon masarrafi mai sauƙin gini da ƙarancin cin wuta, aka kunna na farko a 1985, aka sa masa suna ARM. A 1990 aka ware shi ya zama kamfani mai zaman kansa tare da Apple da VLSI. Kusan duk wayar hannu da ake sayarwa yau a kasuwar Farm Centre ta Kano, Tecno ce, ko Samsung, ko iPhone, a kan tsarin ARM take aiki.